Amanar Habasha a Gafakar Kakana

Daga Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma, da wanda ya ci nisan duniya da wanda bai taɓa ƙetare rafin garinsu ba. Kakana na wajen uba yana cikin na farko. Ya taka ƙasa da ƙafarsa har Makka ya dawo, sannan ya zo ya cika a kan tsohuwar tabarmarsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Malumfashi da Dayi, wata Talata da hantsi, lokacin da auduga ta fashe fari fat a gonaki.

Kwana uku zaurenmu bai huta ba. Masaƙa sun bar saƙarsu, manoman Gozaki sun bar kwandunan auduga a bakin gona. Wata tsohuwar Bafillatana da ta yi shekaru tana kawo masa nono ta shigo ta ajiye ƙwaryarta a ƙofar ɗakinsa kamar kullum. Sai da ta miƙe sannan ta tuna, ta koma ta zauna ta rufe fuska da zanenta. Ni ina ciki tare da mata, amma zanar da ta raba mu da maza ba ta hana magana wucewa. Ana ta ya haƙuri, ana ta Allah ya jiƙansa, sai na ji muryar wani tsohon falke, mai kai gishiri kudu ta hanyar Funtua, yana cewa:

"Ni dai abin da ke damuna, yanzu wa zai riƙa tare ni da tambayar nan? Tun ina da baƙin gemu yake yi mini ita. Ko kayan jakina ba ya bari in sauke!"

Zaure ya ɗauki dariya, irin dariyar da hawaye ke biyo bayanta. Kowa ya san tambayar. Duk baƙon da ya sauka a garinmu, Alhaji Tsoho, kamar yadda ake kiran kakana, zai kai masa ruwa da kansa, ya bari ya sha, sannan ya ce: "Bawan Allah, a yawonka na yamma ko arewa, ka taɓa jin labarin wasu mabiya Annabi Isa, baƙaƙe irinmu, da suka rage tun zamanin da?" Kowa ya san tambayar, amma ba wanda ya san dalilinta. Dalilin yana ɗinke cikin wata 'yar jakar fata ja a ƙasan gafakarsa, kuma ranar sadakar bakwai saura ƙiris a jefa shi cikin garwashi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so 'ya'yan gidanmu su san wane ne shi, kafin masu ƙarin gishiri su riga ni.

Ba shi da tsawo. Ƙafafunsa ne kawai manya, duk sun tsage kamar ƙasar fadama da rani, yakan ce su ne takardar shaidarsa. Ba ya cin abinci da zafi, ba ya barin a zubar da gurya, wato irin auduga, ko ƙwaya ɗaya. Ni yake kira Amarya, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku. Ya ce ai ukun nan sun ci dabinon Madina, nawa talatin ɗin me suka ci ban da ɗanwake?

A hannunsa na yi karatu. Na sauke, na shiga littattafai, na koyi rubuta Larabci da ajami. Da idonsa ya raunana, ni na zama idonsa. Da rana yakan zauna gindin ɗorawar tsakar gida ina gurzar auduga a kan dutse, yana tsince guryar da lalube yana tarawa a ƙoƙo. A irin wannan zama ne na ji labarin Habasha, ba sau ɗaya ba, ba kuma a jere ba. Gutsure-gutsure yake ba da shi, kamar mai rabon goro.

Yana saurayi ya bi ayarin mahajjata ta Barno, suna tafe suna tsayawa noma. Da suka hau duwatsun Habasha damina ta kama su, zazzaɓi ya kayar da shi. Abokan tafiya suka jira har suka gaji, suka bar shi a bakin wata hanya da gorar ruwa. Wanda ya tsince shi wani tsoho ne Banasare, baƙi kamar mu, cikin waɗanda suka bar duniya suka tare a kan dutse don ibada, ana ce musu ruhubanawa. Ya taɓa zuwa ziyara Ƙudus, don haka yana jin Larabci. Shi ya goya kakana a baya har ɗakinsa.

"Wata uku ina hannunsa," in ji shi. "Kin san mutanen can ba sa cin yankan Musulmi, Musulminsu ma ba sa cin nasu. Da ya ga ina bukatar romo, sai ya gangara kasuwa, tafiyar rabin yini, ya hawo da wani Musulmi don ya yanka mini kaza. Kaza ɗaya fa, Amarya!"

Wanda ya fi so ya maimaita shi ne na alƙibla. Ranar da ya fara iya tsayuwa, ya yi alwala ya fuskanci inda rana ke fitowa, kamar yadda kowane Bahaushe ya tashi yana yi, ya kabbara. Tsohon ya tsaya gefe har ya sallame, sannan ya kama kafaɗarsa ya juya shi arewa. Ya ce masa, "Ɗana, a garinku ne ɗakin da kuke nufi yake gabas. Yanzu ka zo kudu da shi. Na bi ta tekun, na san inda yake." Kakana yakan yi dariya har ya yi tari. "Ni da na baro gida don Ka'aba, ga ni ina ba ta kafaɗa, sai Banasare ne ya daidaita ni!"

Kada wani ya zaci ya yi rauni a addininsa. Ya ce sun yi gardama kusan kullum a kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shi yana cewa bawan Allah ne kuma manzonsa, tsohon yana faɗin abin da su suke faɗa. "Ban motsa ba, bai motsa ba. In mun gaji ya tashi ya dama mini kunu."

Wata rana na tambaye shi yadda aka yi addinin Nasara ya kai kan waɗannan duwatsu. Ya ɗauki gurya ɗaya ya ɗora a tafin hannuna.

"Wa ya kawo auduga ƙasar Gozaki?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Wani ne ya zo da irin wannan a gindin jakarsa, ya shuka a bayan ɗaki, maƙwabciya ta gani ta roƙa. Haka abin yake tafiya."

Sannan ya faɗa mini yadda tsohon ya ba shi labari. Daga ƙasar Sham abin ya taso, ya sauka Masar, ya bi ruwa da hanyoyin fatake. Habasha ta karɓa tun kafin zuwan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta hannun wasu samari biyu da jirgi ya yasar a gaɓar teku, suka girma a gidan sarki. Amma karɓar sarki ba ita ce karɓar talaka ba. Sai da wasu ruhubanawa suka zo daga baya, kowa ya nemi dutsensa kusa da idon ruwa, suna jinyar marasa lafiya, suna koya wa yara baƙaƙe, suna juya littafinsu zuwa harshen ƙasar, sannan abin ya shiga bukkoki. Wani wuri da lallashi ya shiga, wani wuri sarki ne ya kai shi da mashi, tsohon bai ɓoye masa wannan ba. Bayan ƙarnoni wani sarkinsu ya sa aka sassaƙa ɗakunan ibada cikin dutse guda, ba ginawa sama ba, tonawa ƙasa, har mutum yana iya tsayawa a bakin rami ya ga rufin a ƙarƙashin ƙafarsa. Nakan rufe ido in ga wannan. Har yau in na leƙa rijiya sai in ji kamar zan hango ƙofa a ƙasanta.

Sarakunan Nuba kuma, na bakin kogin Nilu, sun karɓa dab da zamanin Manzon Allah, suka riƙe ɗaruruwan shekaru. Manyan limamansu daga Masar ake aiko musu. Da zamani ya juya, hanya ta yanke, aka daina aikowa. Tsofaffin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yara suka tashi ba mai karanta musu. A hanyarsa ta dawowa daga Makka kakana ya bi ta can, ya shiga wani kango don ya fake wa rana. Ya ce bangon cike yake da zanen mutane masu manyan idanu, awaki na kwance a ƙarƙashinsu suna tuƙa. Ya tambayi makiyayin ko na su wane ne, ya ce na mutanen da ne, bai san su ba.

"Wataƙila kakanninsa ne, Amarya. Bai sani ba. Ba takobi kaɗai ke kashe abu ba. Rashin mai koyarwa ya fi takobi. Ranar na yi alkawari, in Allah ya ba ni zuriya, mace da namiji sai sun yi karatu. Abin da ya sami waɗancan ba ya tsoron kowa. To, ɗauko littafinki, kin ishe ni da surutu."

Ba kowa ke son waɗannan labarai ba. Baffana, babban ɗansa, ya yi karatu mai zurfi a Zazzau, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron bakin mutane. Ya taɓa ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ana magana. Ana cewa kullum a zaurenka sai an ambaci Nasara." Kakana ya ce, "To ka ce musu wanda ya ambata ɗin ya yi ɗawafi, su kuma ko Kano ba su sani ba." Mako guda ba su haɗa ido ba. Daga baya kakana ya aika masa da ƙafar zabo, magana ta mutu a sama, amma ba ta mutu a ƙasa ba.

Na kuma tuna shekarar da aka tsinci wani Bamaguje a bakin kasuwa da gyambo a ƙafa, ƙuda na binsa, kowa na kaucewa. Kakana ya sa aka kawo shi zaurenmu. Da hannunsa yake wanke ciwon. Aka ce masa ya yi amfani da damar ya musuluntar da shi. Ya ce, "In ya warke, ya tsaya da ƙafarsa, zan kira shi zuwa ga gaskiya, ya amsa ko ya ƙi. Ba a yi wa mutum wa'azi da ƙwaryar kununsa a hannunka." Mutumin ya warke, kakana ya yi masa magana, bai amsa ba, ya koma ƙauyensu. Ranar jana'izar kakana na hango shi can nesa da sahu, a tsugune, da damin dawa a gabansa.

Yanzu sai maganar jakar fata.

Matan garinmu sun san ta da sunan takardar Makka. Sun ɗauka wata addu'a ce ya samo a can. Duk matar da naƙuda ta yi wa tsanani, sai a turo a gaya wa Iya, kakata, matarsa, ita kuma ta faki idonsa ta zaro jakar daga gafaka, ta ƙunshe a gefen zane, a kai a sa ƙarƙashin matashin mai naƙuda. In an sauka lafiya a dawo da ita da ɗan goro. Ni kaina a kanta aka haife ni. Ranar da ya kama Iya da jakar ina nan, ina ƙarama.

"Ke, sau nawa zan gaya miki ba daga Makka take ba? Amanar wani ce!"

"Ba dai daga gabas ka zo da ita ba?"

"Gabas faɗi gare ta."

"To, mu duk abin da ya fito can albarka gare shi. Kai ka taɓa naƙuda?"

"Allah ne ke saukar da mace, ba fata ba."

"Na sani. Ita ma fatar ai Allah ne ya yi ta."

Ya ɗaga hannu sama ya ce a taya shi da wannan mata. Ya sauya mata maɓoya ya fi sau nawa, har cikin rumbu, Iya kuwa ta fi ɓera sanin gidanta. Daga ƙarshe ya haƙura da sharaɗi biyu: kada ta taɓa ƙasa, kada ruwa ya taɓa ta. Bai taɓa gaya mata abin da ke ciki ba.

Ni ya gaya wa, saura kwana huɗu ya rasu, da la'asar, bayan na ba shi ruwa. Ya ce ranar da zai bar dutsen, tsohon nan ya ɗauko wata takardar fata da ya rubuta da hannunsa, ya nuna masa, sannan ya ɗinke ta. Ya ce masa sun ji daga magabatansu cewa lokacin da Nuba ke watsewa, wasu daga cikin mutanensu sun bi ayari sun yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. "Kai mutumin yamma ne. In ka gamu da ko mutum ɗaya da ya rage, ka ba shi wannan, ya san ba a manta da su ba." Kakana ya karɓa ya ce in Allah ya yarda.

Ya nema. Ya ga alamar gicciye a sirdin Buzaye da azurfar matansu, ya tambaya, suka ce ado ne da suka gada. Ya ji an ce wani farin Banasare ya sauka birnin Katsina, ya yi sammako ya tafi a ƙasa, ko da zai san wani abu, ya tarar ya wuce. Bai sami kowa ba.

"Na ji tsoron in na faɗa za a ƙone ta," in ji shi. "Ga shi zan tafi da igiya a wuya. Amarya, ke ce mai karatu. Kada ki bari."

Na ce to. Ban san yadda yarinya za ta hana maza abin da suka yi niyya ba, amma na ce to.

Ranar bakwai, bayan an raba waina an yi addu'a, aka shimfiɗa buzu a tsakar gida don Liman ya raba littattafansa. Mu mata muna zaune a ƙofar ɗakin Iya. Baffa yana fito da su ɗaya-ɗaya, har ya zo kan jakar. Ya ce ba a raba abin da ba a sani ba, ya zaro aska ya farke ɗinkin.

Fata ce mai laushi, launin madara. Rubutun baƙi da ja, baƙaƙen a tsaye daban-daban kamar 'yan kujeru, ba mai riƙe da hannun wani irin namu. A sama akwai gicciye da aka saƙa kamar igiya. A ƙasa kuma zanen wata mace mai manyan idanu, lulluɓe da shuɗi, rungume da jariri.

Baffa ya zabura. "A'uzu billahi! Sura! Zanen Nasara a gafaka ɗaya da Alƙur'ani! Ku kawo mini garwashi, yanzu, kafin magana ta fita gidan nan."

Iya ta miƙa wuya. "Tsaya, matso da ita in gani." Ta ƙura ido, ta daɗe. Sai ta tafa hannu. "Au! Ashe mai jego ce! To ai shi ya sa take jin tausayin mata."

Goggona ta cusa zane a baki. Baffa kuwa idonsa ya kawo ruwa. "Iya, kin ji abin da nake gudu? Shekara da shekaru matan garin nan na jingina da wannan. Gobe a ce ubana ya mutu da kayan shirka a ƙarƙashin kansa. Ni zan iya jin wannan?"

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Sunan mahaifinsa yake karewa. Amma an riga an ɗebo garwashin a kasko, ina jin ƙamshin hayaƙinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na durƙusa nesa da buzun, na ce, "Baffa, a gafarce ni. Allah gafarta Malam, ina da magana, wasiyya ce."

Mahaifina ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Liman ya ce, "Faɗi, 'yata."

Na faɗa. Na faɗi zazzaɓin da kazar da alƙiblar, na faɗi alkawarin, na ce wannan ce tambayar da ya yi ta yi wa baƙi. Liman tsoho ne mai jinkirin magana. Ya tambaye ni, "Kin taɓa ganin ya buɗe ta? Ya sumbace ta, ko ya roƙi wani abu da ita?" Na ce ko sau ɗaya. Ɗinkin da Baffa ya farke shi ne na farko.

Ya ja carbinsa, sannan ya juya ga Baffa. "Malam, ka fi ni karatu, sai dai in tuna maka. Gado shi ne abin da mamaci ya mallaka. Wannan ba tasa ba ce. Ba mu da ikon raba ta, ba mu da ikon ƙone ta. Amana ba ta tambayar addinin mai ita. Ka san ko lokacin hijira sai da aka bar wanda zai mayar wa mutanen Makka ajiyarsu, alhali su ne suka kori Manzon Allah. Ka kuma san ƙasar da sahabbai suka fara samun mafaka."

Baffa ya ce, "Na ji. Amma ba za ta sake shiga ɗakin haihuwa ba."

"Wannan kam da gaskiyarka. Iya, kin ji."

Iya ta taɓe baki. Baffa ya dube ta, kamar wani abu ya faɗo masa. Ya ce a hankali, "Iya, wai wa ya fara wannan al'ada?"

"Wa kuwa? Kai mana. Kwana biyu ina fama da ƙaton kanka, ungozoma har ta fara salati. Na ce a ɗauko mini abin da ke cikin gafakar Alhaji. Ko tauna goro ba a gama ba ka faɗo kana ihu, irin wanda kake yi yanzu."

Ba wanda ya iya riƙe dariya, har Liman. Baffa kaɗai ne bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon fatar a hannunsa, ya daɗe. Sannan ya ce a mayar da garwashin madafa.

Saura inda za ta. Liman ya ce amanar da aka rasa wanda za a ba, mai ita ake mayar wa. Kawuna na Gozaki yana shirin bin ayarin mahajjata da zarar an gama cirar auduga, aka ce shi zai tafi da ita, ya miƙa ta a ɗakin ibadar farko da ya tarar a duwatsun Habasha. Kafin nan ta zauna wurin Liman. Ba zan ɓoye ba, na so a bar mini ita. Ita ce abu na ƙarshe da ke da ƙamshin hannunsa. Amma ba a ce in riƙe ba, an ce kada in bari ta salwanta.

A cikin kwanakin jiran ne matar yayana ta haihu, ba komai a ƙarƙashin matashinta, ta sauka lafiya. Iya ta fito tana wanke hannu ta ce mini, "Ya daɗe yana cewa Allah ne ke saukarwa. To na yarda. Saura ki je kabarinsa ki kai tsegumi."

Ranar tafiyar kawu, Baffa ya zo da wani farin ƙyalle da ya yanka daga rawaninsa. Ya naɗe fatar bai kalli zanen ba, ya mayar cikin jakar, ya zauna ya ɗinke inda ya farke da hannunsa, ɗinki ƙanana, kusa da kusa. Kafin ya rufe bakin ƙarshe ya ce mini, "Ke mai rubutu, ba za a sa musu ko gaisuwa ba?" Na riga na rubuta da Larabci, tana cikin zanena. Ya karanta, ya gyara mini wasali ɗaya, ya ninke ya sa a ciki. Ga abin da ta ce, da Hausa:

"Zuwa ga mutanen dutse. Wani tsohonku ya taɓa tsintar wani saurayinmu a bakin hanya, ya yi jinyarsa, ya nuna masa alƙiblarsa, ya ba shi wannan ya kai wa 'yan'uwanku na yamma. Saurayin ya tsufa, ya rasu a kan addininsa. Ya tambayi duk baƙon da ya sha ruwa a ƙofarsa, bai sami kowa ba. Ba mu ce babu su ba, mun ce ba mu gan su ba. Ga ajiyarku. Ba ta taɓa ƙasa ba, ruwa bai taɓa ta ba. Ba mu iya karanta ta ba, amma yara da yawa sun zo duniya a kusa da ita, ni mai rubutun ina cikinsu."

Na raka su da ido har jakunan suka shige bayan gonakin auduga, inda ba abin da ya rage sai karare. Ban sani ba ko kawu zai kai, ko zai dawo, ko akwai mai jin Larabci a kan dutsen yanzu. Na dai san igiyar ta sauka daga wuyan kakana.

Ya Allah, ga bawanka mai tsagaggun ƙafafu ya iso. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da baƙi kafin ya tambaye su komai. Mun kwantar da shi a gefensa na dama, fuskarsa na duban gabas. A nan garinmu, can ne daidai.